Yaran da Ƙananan Hukumomi Suka Manta da Su

Jama'a, duk wanda ya zaga sakatariyar ƙaramar hukuma a ƙasar nan zai ga motoci jere, ya ga kansiloli cikin manyan riguna, amma da wuya ya sami ma'aikaci guda da zai gaya masa yawan yara makafi, ko kurame, ko guragu da ke cikin yankinsa. A zamanin En'e dagaci ya san kowane magidanci da ke biyan haraji, an kuma ƙidaya shanun Fulani ɗaya bayan ɗaya saboda jangali. Ashe hukumar da ta iya ƙidaya shanu ba ta iya ƙidaya 'ya'yan mutane?

Babu mai cewa doka ce ta yi ƙaranci. Tun a gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka yi alkawarin kawo mulki kusa da talaka. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya keɓe babi guda a kan karatun naƙasassu, kuma a shekarar aka kafa kwalejin horon malamansu a Oyo. Tsarin Mulki na 1999 ya sa ƙananan hukumomi 774 cikin masu ɗaukar nauyin makarantun firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro, ba ta ce ban da makaho ba. Sannan a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce kowace makarantar gwamnati ta buɗe ƙofarta gare su, ta kuma tanadi malamin da aka horar dominsu. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen hukuma yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. To, makarantar firamare nawa aka gyara a garinku?

Abin da shugabannin ƙananan hukumomi suka ɗauka a matsayin taimako shi ne a tara guragu a rana, a raba musu kekuna 10 da buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Wannan sadaka ce, kuma sadaka ba ta biyan bashi. Yaron da aka ba keke amma ƙofar ajinsa matakala uku ce, ina zai je da keken in ba bakin kasuwa ba?

In ka matsa musu sai su ce ai akwai makarantu na musamman. Gaskiya ne akwai makarantar makafi ta Gindiri, wadda 'yan mishan suka kafa a 1953, akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai Pacelli da Wesley a Legas. Amma wane manomi ne zai ɗauki 'yarsa kurma mai shekara 6 ya kai ta gari mai nisan kwana guda a mota, ya baro ta a can? Sai ya bar ta a gida tana ɗebo ruwa har ta girma ba ta san harafi ko ɗaya ba. Wanda yake son ganin inda wannan sakaci ke ƙarewa ya leƙa Okobaba a Ebute Meta, ya ga 'yan'uwanmu da suka baro Arewa suna bara a Legas, ya ga kuma 'ya'yansu masu ido da ƙafa suna yi musu jagora maimakon zama a aji. Naƙasa ɗaya ta cinye karatun mutum biyu.

Sai kuma tsohon uzurin nan na cewa gwamna ya riƙe kuɗi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma ko kuɗin ya zo kai tsaye, ko ya bi ta hannun gwamna, aikin farko ba ya cin kuɗi. A umarci masu unguwa da dagatai su haɗa kai da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, su rubuta sunan kowane yaro da irin lalurarsa, har da masu jinkirin fahimta waɗanda ake ɓoyewa a ɗaka don kunya. A miƙa wa Sakataren Ilimi littafin. Daga nan a zaɓi makaranta ɗaya a kowace mazaɓa, a fasa matakala a yi gangare, a gyara bayan gida, a tura malamai biyu su koyo rubutun makafi da maganar hannu ta kurame. Kuɗin motar shugaba guda ɗaya ya isa a soma.

Haka nan asibitocin sha-ka-tafi suna hannun waɗannan hukumomi. Ƙyanda da sanƙarau suna makantar da yara, suna kurmantar da su, kuma dukansu suna da allurar rigakafi. A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, suna kuma da haƙƙi.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da kansilanku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi yara naƙasassu nawa ne a mazaɓarsa, kuma nawa ne ke zuwa makaranta. In ya kasa ba da amsa, ya nuna bai san mutanen da yake neman wakilta ba, kai kuma ka san abin da za ka yi da ƙuri'arka.