Ra'ayinmu: Gwaninta Daban, Nauyi Daban

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati. Da zarar wani ɗan damben boksin ya gama da kowa a ajinsa, sai ka ji ana cewa me yake jira, ai sai ya hau ajin manya ya karɓe kambun duniya. Masu wannan magana sun ɗauka gwaninta kamar riga ce, inda duk mutum ya shiga da ita zai shiga. Mu dai ba mu yarda ba, kuma muna ganin ya kamata masu karatu su san abin da ake tura mutum ya tarar kafin su yi masa tafi.

Wataƙila dambenmu na gargajiya ne ya saba mana da wannan tunani, domin a da can ba a kawo ma'auni fili, wanda ya ji zai iya shi ke fitowa. Amma fa a can naushi guda mai kyau yakan raba gardama cikin ɗan lokaci. Damben boksin kuwa turmi goma sha biyu ne, a da ma goma sha biyar, kowanne minti 3, kuma ajin manya shi kaɗai ne ba a yanka masa iyakar nauyi ba.

Bari mu ɗauki Bob Foster na Amurka, wanda 'yan Nijeriya ke da dalilin tunawa da shi. A watan Mayu na 1968 shi ya raba Dick Tiger da kambun duniya na ajin laba 175. Tiger gwani ne na gaske, ya riƙe kambun ajin matsakaita, har ya kare shi a Ibadan a 1963, sa'an nan ya hau sama ya doke José Torres a 1966. Amma gajere ne, Foster kuwa tsayinsa ƙafa 6 da inci 3. A turmi na huɗu Foster ya sakar masa hagu guda, Tiger ya kwanta har aka gama ƙirga goma. Daga nan Foster ya kare kambun nan sau 14, kuma har yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa zafin naushi a wannan aji.

To, wannan mutum ne ya je Detroit a watan Nuwamba na 1970 neman kambun Joe Frazier. Nauyinsa laba 188, na Frazier 209. Bai wuce turmi na biyu ba. Bayan shekara biyu ya kara da Muhammad Ali, yana da laba 180, Ali yana da 221. Ya yi abin da ba a taɓa yi ba, watau ya fasa wa Ali gira, amma an kayar da shi sau bakwai kafin a tsai da wasan a turmi na takwas. Ba kuma sabon abu ba ne gare shi, tun kafin ya zama zakara Doug Jones da Ernie Terrell da Zora Folley, dukkansu manya, sun ci shi.

Me ya same shi? Abu na farko, naushinsa bai haura tare da shi ba. Hagun da ke kwantar da mai laba 175 sai ta zama tsokana a jikin mai laba 210, domin wuyan ƙato da kafaɗunsa suna shanye girgizar da ke juya ƙwaƙwalwa. Wannan hasara ta fi yadda ake zato, saboda ɗan dambe ba don kisa kaɗai yake naushi ba, da shi yake sayen girmamawa. Abokin karawar da ke tsoron hannunka yakan tsaya nesa, ya yi tunani kafin ya shigo, a nan kake samun filin nuna gwaninta. Ranar da ya ɗanɗana mafi zafin abin da kake da shi ya ga bai faɗi ba, to, shi ke nan, zai taho maka kai tsaye, kuma duk dabarun da ka gina a kan tsoronsa sun rushe. Frazier bai tsaya kallon fasahar Foster ba, shigowa ya yi.

Na biyu, haɓa ba ta ƙiba. Mutum na iya ƙara tsoka a ƙirji da cinya, amma ƙashin kansa da abin da ke ciki suna nan yadda Allah ya yi su. A ajinsa gwani yakan yi kuskure uku ko huɗu ya sha da ƙyar. A ajin manya kuskure ɗaya ya isa. Billy Conn ya nuna haka tun 1941. Bayan turmi 12 yana gaban Joe Louis a takardun alƙalai biyu, ya ga ya girgiza shi, sai ya bar kewaye ya tsaya musayar naushi. A turmi na 13 aka ƙirga masa goma.

Sai kuma gajiyar da 'yan kallo ba sa gani, wadda ƙato ke jawowa idan ya rungume ƙarami ya sakar masa nauyinsa a wuya da kafaɗa, turmi bayan turmi, har ƙafafun da ya dogara a kansu su yi sanyi. In kuwa ya ce zai yi maganin wannan da ƙara nauyi, sai ya sayar da saurinsa, alhali saurin ne jarinsa. Komawa ma ba sauƙi. Roy Jones ya hau ya doke John Ruiz a 2003, ya zubar da tsokar da ya tara domin ya koma laba 175, a 2004 Antonio Tarver ya kwantar da shi a turmi na biyu, Glen Johnson ya maimaita a cikin shekarar. Bai sake zama yadda aka san shi ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a kawo Michael Spinks da ya ci Larry Holmes a 1985, da Evander Holyfield da ya karɓi kambu a 1990, da Oleksandr Usyk na Yukiren wanda ya doke Anthony Joshua a 2021 da 2022, ya kuma doke Tyson Fury sau biyu a 2024. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai a tuna Spinks daƙiƙa 91 ya yi a gaban Mike Tyson a 1988. Holyfield da Usyk kuwa ba daga laba 175 suka yi tsalle ba, daga ajin da ke tsakani suka fito, jikinsu ya riga ya kusa. Usyk ya ci zinariyar Olimfik ta 2012 a kilo 91, ya hau ajin manya a 2019, ya gwada kansa sau biyu kafin ya nemi kambu, kuma ya shiga karawa da Joshua da laba 221. Wannan hawa ne mataki mataki. Abin da aka yi wa Foster jefawa ne.

Wa ke jefawar? Kuɗi sun fi yawa a ajin manya, sunan ma a can yake, kuma manaja da mai shirya wasa suna da rabonsu ko yaronsu ya ci ko an ci shi. Su ba a naushe su. Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke ba da lasisin dambe, har da na nan gida, da kada su amince da karawar da tazarar nauyi ta yi yawa don kawai ƙaramin yana da suna, kuma su nemi ya fara gwada kansa da masu matsakaicin ƙarfi a sabon ajin, likita yana duba shi bayan kowace karawa. Hukumomin duniya da kansu sun amsa cewa ramin yana da faɗi: a 1979 hukumar WBC ta ƙirƙiro aji tsakanin laba 175 da ajin manya, a 2020 kuma ta ƙara wani mai iyakar laba 224. Lokacin da Foster ya tsaya gaban Frazier babu ko ɗaya daga cikinsu.