Bakin Yaro Ƙofar Zuciyarsa Ne

Kowace Litinin da safe, kafin a shiga aji, nakan jera yarana in duba ƙumba da kitso da haƙora. Ƙumba a yanke, kai a gyare, amma da na ce a buɗe baki sai in ga dauɗa ta taru, dasashi ya yi jawur, turame sun yi kogo. Na taɓa yi wa wata uwa magana, ta ce mini, "Haba Malama, ai zai yi famfara su zube." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Gaskiya ne haƙoran nan 20 na ƙuruciya za su zube. Amma kafin su zube suna iya jawo ɓarnar da ta wuce baki. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwayoyin cuta na zaune cikin dauɗar haƙora, kuma idan dasashi ya kumbura yana fid da jini sukan sami hanyar shiga jijiya. Jini kuwa duk inda ya zaga, zuciya yake komawa.

Zuciya tana da 'yan ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa. Idan lafiyarsu lau, jiki yakan kashe ƙwayoyin nan. Amma yaron da aka haifa da matsalar zuciya, ko wanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya jawo masa zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi har ya taɓa ƙofofin, sai ƙwayoyin su manne a wurin. Daga nan sai zazzaɓi mai naci, da rama, da kasala, wani lokaci har a rasa rai. Abin tsoro shi ne, uwa tana iya goyon irin wannan yaro ba ta sani ba.

To, ina mafita? A goge wa yaro baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci. Man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya ishi wanda bai kai shekara 3 ba, wanda ya wuce haka kuwa kamar ƙwayar wake. Asuwaki ma yana aiki, muddin ya kai ga turamen ciki. Uwa ta riƙa taya shi har ya kai shekara 7. Kada ya kwana da alawa a baki. In haƙori ya yi kogo, a kai shi asibiti, a rabu da masu cirewa a kasuwa, kuma in yana da ciwon zuciya a gaya wa likita tun kafin ya taɓa shi.

Ku kuma 'yan matan makaranta, ku fara da ƙannenku yau da dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuri'a.