Ihun Ɗan Dambe Ba Asiri Ba Ne



Ya ɗan'uwa, in ka taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, a Karaye ko a ƙauyukan Rogo, ka ji yadda ɗan dambe ke furzar da iska da ƙara daidai lokacin da ya kai naushi. 'Yan kallo kan ce asiri ne ya motsa. Ni kuwa na ce hikimar Mahalicci ce.

Ƙarfin naushi daga ƙafa yake tasowa, ya ratsa ƙugu, ya isa hannun da aka naɗe. Idan ciki ya saki, sai ƙarfin ya zube a hanya. Fitar da numfashi da sauri shi ke ɗaure naman ciki, gangar jiki ta tsaya kamar ginshiƙi. Wanda ya riƙe numfashinsa kuwa, kafin turmi na biyu ya galabaita. Masu karate na Japan suna kiran wannan ihu kiai, kuma a fili suke koyar da shi.

To, don me matashi zai kai wa boka kuɗin guru da laya, ya jefa tauhidinsa cikin haɗari, a kan abin da Allah Ya ajiye masa a ƙirji kyauta? Koyi numfashi, ka yar da laya. Ka kuma tuna Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska, ya koyar da mu cewa ƙaƙƙarfa na gaskiya shi ne mai mallakar kansa yayin fushi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.