Kira Ga Ɗan Majalisarmu Kan Dokar Canjin Kuɗi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in kai kukana ga ɗan majalisar da ke wakiltarmu a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Na biyo ta jarida ne saboda sau uku ina zuwa ofishinsa na mazaɓa ina tarar da kwaɗo a ƙofa.

Maganata a kan canjin kuɗi ce. Wani zai ce ai wannan ya wuce, amma wanda bai yi asara ba ne zai faɗi haka. In ba a manta ba, a watan Oktoba na 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce daga 31 ga Janairu na 2023 tsofaffin sun daina aiki. Wato wata ɗaya da rabi kenan aka bai wa ƙasa guda, har da mu da ba mu da banki a garinmu. Dalilin da aka ba mu shi ne maganin jabun kuɗi da masu karɓar kuɗin fansa da masu ɓoye kuɗi a gida. Babu mai ƙin wannan. To amma an karɓe tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba.

Ni a lokacin na kai waken da na noma kasuwa, mai saye ya ce sai dai turansifa. Na yarda ya tura, sai kuɗin suka maƙale kwana tara, ba su gare ni ba su gare shi, wai babu netwok. Da suka shigo, sai da na ba mai POS naira 2,000 kafin ya ba ni 10,000 daga cikin kuɗina. A 'yar tiredata kuwa har musaya muka koma yi, a kawo kwanon masara a karɓi sabulu da kananzir. Na ga mata sun sayar da awakinsu a wulaƙance don kawai su riƙe tsabar kuɗi su sayi magani.

To ranka ya daɗe, me majalisarku ta yi? Gaskiya kun yi hayaniya. A watan Janairu na 2023 majalisun biyu sun nemi a ƙara wa'adin da wata shida, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, aka yi barazanar sa a kamo Gwamnan Banki in bai bayyana ba. Me aka samu? Kwana goma, zuwa 10 ga Fabrairu. A nan na gane cewa roƙon majalisa daban, doka daban. Roƙo ana iya jin sa a share, doka ce ake bi dole.

Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, wasu jihohi suka bi bayansu, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi zuwa ƙarshen shekarar. A watan Nuwamba kuma kotun ta ɗage wa'adin gaba ɗaya. Abin lura shi ne hujjar alƙalan: sun ce ba a bai wa jama'a isasshen lokaci ba kamar yadda sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanada. Wannan sashe cewa kawai ya yi a ba da sanarwar da ta dace, bai faɗi wata nawa ba ne. To wa ke da ikon rubuta adadin? Alƙali ko ɗan majalisa? Aikin da muka tura ka yi kenan.

A shekarar 2024 mun ji a rediyo an gabatar da ƙudurin gyaran wannan doka a Majalisar Dattawa. Na yi ta kasa kunne ko zan ji wakilinmu ya zo gida ya tara mu ya tambayi ra'ayinmu, ko ya miƙe a zaurensu ya faɗi halin da muka shiga. Shiru kake ji. Amma a zaɓen 25 ga Fabrairu na 2023, lokacin da ba mu da ko kuɗin mota, ya san hanyar ƙauyenmu sarai, har da katan-katan na taliya.

Buƙatunmu ba su da yawa. Na ɗaya, a rubuta a doka ƙarara cewa kafin a soke kowace takardar kuɗi sai an ba da sanarwar aƙalla shekara guda, tsohuwa da sabuwa suna tafiya tare. Na biyu, kada a tilasta wa mutanen karkara ciniki ta waya sai an kai masu banki ko wakilinsa da netwok mai aiki. Na uku, in kuɗin mutum suka maƙale, a sa ranar da dole a mayar masa, da tarar da banki zai biya in ya saɓa.

Iyayenmu sun ba mu labarin canjin kuɗi na 1984 da yadda mutanen ƙauye suka wayi gari da takardun banza a hannu. Mu kuma mun ga na 2023 da idonmu. Abin da ya faru sau biyu zai iya faruwa sau uku, kuma rigakafi ya fi magani. Ranka ya daɗe, ba taliya muke nema ba, doka muke nema. In ka yi, za mu gani. In ba ka yi ba, katin zaɓenmu na nan a ajiye.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talakawa, amin.

Daga wani manomi kuma ɗan tireda,
Jihar Jigawa.