Haɗa Rumbunan Bayanai: Wanne Ne Tushe?

Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa lambar NIN da layukan waya. Abin tambaya a nan shi ne, idan rumbuna biyu suka saɓa, wanne za a gaskata? Duk wanda yake Muhammadu a rajistar NIMC amma Mohammed a BVN ya san wannan wahala.

Masana kwamfuta masu haɗa Active Directory da Entra ID suna da ƙa'ida: a tsayar da tushe guda, a tsabtace shi, kafin a tura bayanai. Na'ura ba ta gyara kuskure, yaɗa shi take yi.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta bai wa ɗan ƙasa haƙƙin neman gyara. Saura hukumomi su sauƙaƙa masa hanya.