Kudus ba namu ba ne

Babu kalmar da ta kai "namu" arha a bakin ƴan fada. Ko dala ba a biya kafin a faɗe ta. Mohammed Kudus ya jefa ƙwallo a raga can Ingila, kafin shayi na biyu ya nuna ka ji an ce: "Kai, yaron nan namu ne fa, ɗan zango ne, Hausa yake ji." To ni wannan "mu" ɗin nake so mu tsaya a kai. Mu wa? Kuma da me muka mallake shi?

Gaskiya ne an haife shi a Nima, cikin Akara, a 2000. Gaskiya ne Nima zango ce, kuma Hausa ce harshen kasuwa da masallaci a can, albarkacin fataken goro da kakanninmu da suka yi ta zuwa cin rani tun ƙasar tana Gwalkwas. Amma duk wanda ya zauna aji ɗaya na ilimin harsuna ya san harshen hulɗa ba shi ne asali ba. A zangon Akara, Bazabarme da Badagombe da Bamoshe duk da Hausa suke ciniki, kuma kowa ya san gidansu. Ko da yaron yana jin Hausa kamar jakin Kano, wannan bai ba mu takardar mallaka ba. Ni ma ba asalinsa ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, muna son cin tuwon da ba mu sa ko icce ɗaya a murhunsa ba.

Ku dubi hanyar da ya bi. Tun bai tasa ba makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, wadda wani Baturen Ingila, Tom Vernon, ya kafa a Gana a 1999. Can ake ba yaro abinci da wurin kwana da karatun lakwal da fili mai ciyawa, shekara da shekaru. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa wasa kafin ya cika 18, saboda haka suka jira. A 2018 suka tura shi Nordsjælland ta Danmak, kulob ɗin da su ɗin dai suka saya a 2015 don ya zama ƙofar shigar yaransu Turai. A 2020 Ajax ta saye shi kimanin Yuro miliyan 9, wato kusan sefa miliyar 6. A 2023 West Ham ta biya wajen fam miliyan 38, a 2025 Tottenham ta biya wajen 55. A cikin wannan jeri, ina Maraɗi? Ina Tawa? A wane mataki "mu" ya shigo?

Wani zai ce ai su ma kasuwanci suke, ba don Allah ba. Haka ne, kuma ba ni da niyyar wanke su. Ƙwararren ɗan wasa haja ne a wurinsu, kuma ba duk yaron da ya shiga ke fita Kudus ba. Amma ɗan kasuwar da ya yi kiwo shekara shida kafin ya kai kasuwa ya fi maƙwabcin da ya zo ranar salla yana cewa ragon nan na unguwarmu ne.

Kuma ku lura da wurin da yake wasa. Shi ɗan tsakiya ne, ko da yake a Ajax an sha tura shi gaba, a West Ham kuma an fi aje shi gefen dama. Mai gudu ana iya tsintarsa a titi. Mai ƙarfi ma haka. Ɗan tsakiya kuwa gina shi ake: ya karɓi balo yana ba raga baya, ya riga ya waiga sau biyu kafin ta iso, ya san inda zai juya da mutum manne a bayansa. Wannan ba ya samuwa a filin da balo ke tsalle kan tsakuwa ta canza hanya ita kaɗai. Yaranmu na da ƙafa, wallahi suna da ita, duk wanda ya kalli wasan unguwa lokacin hutu ya sani. Sai dai filin da suke wasa bana, baɗi an yanka shi fuloti. Wanda ya tsira kuma ya tarar takardar haihuwarsa "né vers" ce, mai neman ƴan wasa daga waje ya duba ya maida cikin aljihu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ranar 18 ga Nuwamba 2024. Mena ta je har Akara ta doke Gana 2 da 1, Kudus ya ɓarar da penalti a mintunan ƙarshe. Kwana huɗu kafin nan Mena ta zuba wa Sudan 4 da nema. A ina? A Lome. Wasanmu na gida da Gana kuwa a Maroko aka yi shi, don CAF ba ta yarda da filin Seyni Kountché ba. Yara suka yi ta yawo ƙasashen mutane suna wasan "gida" babu ƴan kallo, suka gama da maki 7, maki ɗaya tak ya raba su da Sudan da ta wuce. Washegari me aka tattauna? Kudus. Waɗanda suka ce namu ne lokacin da ya ci Koriya ta Kudu biyu a Katar a 2022, da Masar biyu a Abijan, su ne suka kwana suna masa dariya. Ka ga "namu" ɗin ma na haya ne, ana maida shi in an sha kashi. Ku tambayi mutum goma a fadarku sunan waɗanda suka ci wa Nijar ƙwallayen nan biyu. Badamassi da Sako ne, in an manta.

Muna haɗa kuɗin Canal+ kowane wata ba fashi, ana faɗa har a daina gaisawa a kan Real da Barça. Amma yaushe rabon ɗayanmu da ya sayi tikiti ya shiga kallon Dan Kassawa, ko Espoir ta Damagaram, ko Ader? Mena ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, tun muna firamare, daga nan shiru. Mun iya zagin FENIFOOT, kuma wani zagin ta cancanta, amma hukuma ba ta jin kunyar fili marar kowa. Mu ɗalibai da ke iya rufe hanya a kan bursu, ban taɓa jin mun rubuta ko takarda ɗaya zuwa ga magajin gari a kan filin unguwa da aka sayar ba.

Ku ƙyale Kudus. Yana da ƙasarsa, tana yabonsa tana zaginsa yadda ta ga dama, don ita ta ba shi riga tun 2019. Mai son ya ce "namu" ya tashi da la'asar ya je bayan makarantar unguwarsu, akwai wani ɗan shekara goma sha ɗaya can yana raba balo ba takalmi. Ya tambayi sunansa, ya tambaya ko yana da takardar haihuwa.