Zuwa Ga Masu Gadin Dajin Yankari: Ku Riƙa Leƙa Kududdufai

Ya ku 'yan'uwa masu sintiri,

Roƙona guda ne: ku riƙa saka ƙananan kududdufai a littafin sintirinku kamar yadda kuke saka sawun giwa. Tun 1956 da aka keɓe Yankari, hankalin kowa yana kan Kogin Gaji da ruwan ɗumi na Wikki, alhali cikin faɗin da ya haura murabba'in kilomita 2,200 akwai ruwaye marasa suna da damina ke cikawa, rani ya ƙafar. Nan ƙwari masu nutso suka fi zama.

Wanda ya tsuguna a bakin irin wannan ruwa zai ga wani baƙin ƙwaro mai sulɓi ya taso, ya turo ƙarshen jikinsa saman ruwa, ya ɗebi iska ya ɓoye ƙarƙashin fukafukansa masu tauri, sannan ya nutse yana tuƙi da ƙafafun baya kamar filafili. An san irinsu fiye da 4,000 a duniya. Da shi da tsutsarsa duk mafarauta ne, suna cin tsutsar sauro da talibambam. Idan tsutsar ta ƙosa, sai ta fito ta shige lakar gaɓa, a can take rikiɗa, babban kuwa yakan tashi da dare ya nemi wani ruwan. Saboda haka sun fi yawa a ruwa marar zurfi, mai ciyawa, wanda manyan kifaye ba su kai gare shi ba. A dajin Kibale na Yuganda, har cikin ruwan da ya kwanta a sawun giwa an same su. Ke nan duk wanda ya yashe tafki ya ɗaure bakinsa da siminti don dabbobi su sha, ya toshe wa tsutsar nan hanya, ko da niyyarsa ta alheri ce.

Za ku ce ku kaɗan ne, ga mafarauta, ga shanu na kutsowa, ina lokacin ƙwaro? Gaskiya ne, amma aikin ɗaya ne. Kududdufin da ya cika da su a bara, bana kuma babu ko ɗaya alhali ruwa na nan, ya cancanci bincike: ko kofato ya tattake gaɓar, ko an zuba gamalin don kashe kifi. Za ku kuma ce ba ku san sunayensu ba. Ba wanda ya nemi haka, domin wasu sai an sa su a madubin ƙara girma masana ke rarrabe su. Abin da masanin ba shi da shi, ku ke da shi: sanin inda ruwa ke kwanciya da watan da yake ƙafewa. Ku rubuta wurin da ranar, ko akwai kifi, ko gaɓar laka ce ko dutse, ku ɗauki hoton ƙwaron a tafin hannu da waya, ku mayar da shi. Ku fara da ƙarshen damina, kafin ruwan ya ja baya.